Waƙa A Bakin Mai Ita: Akwatin Kiɗa Mai Tsada Da Kiɗan Fili

A cikin abubuwan da zamani ya kawo, waɗanda mutane suka saba da su har suka daina mamakinsu, akwai akwatin nan da ya ke kama murya ya ajiye, ya kuma sake ta duk sa'ad da aka bukata. Tsofaffin birnin Katsina sun san shi tun yana garmaho, ana waina shi da hannu, ana sake masa allura, ga hoton kare a jikin faifai ya kasa kunne a bakin ƙaho. 'Ya'yansu suka san shi yana rikoda mai cin kaset da batir. Jikokinsu kuwa ga shi nan cikin aljihunsu, a wayar hannu.

To, amma akwai wani irin akwatin da ba kowa ya taɓa gani ba, wanda a ke ƙerawa a Ingila da Amurka da Jamus da Japan domin masu hannu da shuni. Shi tarin kaya ne. Akwai abin da ke juya faifai ko ya karanta shi, akwai injin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, wanda a ke kira amfilifaya, sa'an nan ga lasifika guda biyu, waɗansu tsayinsu ya kai na ƙato, nauyinsu kuwa sai an taru a ke ɗaga su. Wani kamfani na Amurka mai suna Wilson Audio ya taɓa fitar da irin waɗannan lasifikoki, kuɗin guda biyun ya haura dala 600,000, watau kuɗin da zai gina gidaje barkatai a Katsina. Masu sayar da irin waɗannan kaya suna da magana guda da su ke ta nanatawa. Su kan ce in mutum ya zauna gabansu ya rufe idonsa, ba zai iya rarrabewa ba, ko faifai ne ke juyawa, ko kuwa makaɗan ne suka shigo ɗakin da kansu.

Wannan magana ta cancanci a auna ta, ko da ya ke mafi yawan masu karanta wannan littafi ba su da niyyar sayen irin kayan. Gama maganar da a ke gaya wa attajiri a Landan, ita ce mai shagon rediyo ya ke gaya wa talaka a kasuwa sa'ad da ya ke tallar ɗan akwatinsa. Abin da ya fi wannan nauyi kuma, in jama'a suka gaskata cewa abin da ke cikin faifai daidai ya ke da abin da makaɗi ya ke yi a fili, to, ba za su damu ba in makaɗan suka ƙare, tun da za su ce ai an riga an ajiye su.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san yadda abin ya ke aiki. Sauti girgizar iska ne. In mai kalangu ya doki tantani, sai tantanin ya yi rawa, ya tura iskar da ke kusa da shi, ita kuma ta tura ta gaba, kamar yadda ruwan kududdufi ya kan yi zobe zobe in yaro ya jefa tsakuwa. Girgizar nan tana gudun wajen mita 340 cikin daƙiƙa guda har ta iso dodon kunne. In girgizar ba ta da sauri, sai a ji sauti mai kauri irin na tambari. In tana da sauri, sai a ji siriri irin na sarewa. Kunnen saurayi mai lafiya ya kan ji daga girgiza 20 zuwa wajen 20,000 a daƙiƙa, amma gwargwadon tsufan mutum gwargwadon yadda siraran sautuka ke kuɓuce masa. Makirufo, abin nan da a ke magana a cikinsa, shi ma yana da ɗan tantaninsa, wanda ke juya girgizar iska ta zama ta lantarki, a rubuta ta a faifai. Lasifika kuwa ita ke mayar da aikin baya: lantarki ya girgiza wata takarda mai siffar mazurari, takardar ta tura iska. Ashe lasifika ita ma ganga ce, sai dai an ɗora mata nauyin ta kwaikwayi kowace ganga ta duniya, da kowace algaita, da kowane maƙogwaro.

Da'awar cewa akwati ya yi daidai da mawaƙi ta girmi duk wanda ke raye yau. Thomas Edison na Amurka ya ƙago injin kama murya a 1877, Emile Berliner kuma ya fito da garmaho mai faifai a 1887. Daga 1915 kamfanin Edison ya shiga zagaya garuruwa yana tara mutane a manyan ɗakuna. Sai a tsai da mawaƙiya kusa da akwati, su riƙa waƙa tare, can sai a kashe fitilu, mawaƙiyar ta sulale ta fita, in an kunna fitilu jama'a su ga akwati kaɗai ke waƙa, su yi ta tafi. Duk wanda ya taɓa jin faifan wancan zamani, da shacinsa da ƙarar allurarsa, zai yi mamakin yadda aka ruɗi mutane masu hankali da shi. Asirin ya tonu daga baya, sa'ad da ɗaya daga cikin mawaƙan, Anna Case, ta bayyana cewa ita ce ta horar da muryarta ta yi kama da ta akwatin. Watau maimakon inji ya kwaikwayi mutum, mutum ne ya kwaikwayi inji.

An sake irin wannan gwaji da kayan da suka fi inganci. A 1954 Gilbert Briggs, mai kamfanin Wharfedale, ya yi nasa a babban ɗakin kiɗa na Royal Festival Hall a Landan. A farkon shekarun 1960 kuma kamfanin Acoustic Research na Amurka ya yi da makaɗa huɗu masu goge irin na Turawa, mutane da yawa suka kasa gane inda makaɗan suka tsaya akwati ya karɓa. Wannan gwaji na gaskiya ne, ba a yi maguɗi ba. Amma a lura da yadda aka shirya shi. An ɗauki kiɗan ne a waje, a sarari, inda babu bangon da zai mayar da amo, sa'an nan aka kawo lasifikokin aka ajiye a daidai wurin da makaɗan ke zaune, a cikin ɗakin da aka gina musamman domin kiɗa. Ɗakin ya yi wa akwati abin da ya yi wa makaɗa. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne lasifika mai kyau tana iya tsayawa a madadin goge guda. Bai tabbatar da cewa tana iya ɗauko babban ɗaki ta cusa shi cikin ƙaramin ɗakin mutum ba, wannan kuwa shi ne abin da a ke sayarwa.

Duk da haka a ba akwati haƙƙinsa, don ya ci gaba ƙwarai. Faifan sidi da kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982 yana auna girgizar sauti sau 44,100 cikin kowace daƙiƙa, abin da ya isa ya ɗauke duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, daga mai kauri har siriri. Amfilifaya ta zamanin nan, ko ba mai tsada ba, kuskurenta ya yi ƙanƙantar da kunne ba ya kama shi. Saboda haka akwai kiɗan da akwati mai kyau ya ke kusan kamawa sarai. A ɗauki misalin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Shi mutum guda ne, da murya guda, da kuntigi mai tsirkiya guda wanda bai fi tafin hannu ba, yana zaune wuri guda. In an ɗauke shi da kyau, aka sa a zaure mai shimfiɗu, mai wucewa ta ƙofar gida yana iya rantsuwa cewa mai kuntigi na ciki. Haka mai garaya, haka mai gurmi. Wanda ya musa wannan bai yi adalci ba.

Amma kiɗan Hausa ba duka ne ya ke zaune wuri guda ba. Domin a ga iyakar akwati, babu wurin gwaji da ya fi tsakiyar birnin Katsina, wajen hasumiyar Gobarau. Hasumiyar nan ta ƙasa, mai tsayin wajen ƙafa 50, wadda a ke danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsaye tun ba a san lantarki ba. A da, daga kanta ladani ya kan kira salla da maƙogwaronsa kaɗai. Kiran salla ba kiɗa ba ne, Allah ya kiyaye a haɗa su, amma yana koyar da wani abu game da sauti. Muryar da ta sauko daga sama, ta bi ta kan soraye, ta shiga lunguna, na kusa ya ji ta sarai, na nesa ya ji ta a raunane iska na kaɗa ta, wannan murya ta haɗu da gari sun zama abu guda. Wanda ya ji ta ya san daga ina ta fito, ya san nisanta, ya san safiya ce ko almuru. In aka ɗauke muryar aka bar garin, an ɗauko rabin abin ne.

To, Gobarau ba ta da nisa da Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina. Mai karatu ya tuna da ranar hawan Salla, sa'ad da Sarki ya taso daga Idi ya nufo Ƙofar Soro, jama'a sun cika filin Kangiwa babu masaka tsinke. Tun Sarki bai bayyana ba a ke jiyo tambari daga nesa, kamar hadari na gunaguni a gabas. Kafin kunne ya tabbatar da shi, ƙirji ya riga ya ji. Sa'an nan kakaki ya tsaga iska, in mai busa ya juyo da bakinsa wajen mutum sai ya ji kamar an mare shi, in ya kau da shi sai sautin ya dusashe ya dawo daga jikin ganuwar fada. Ga algaita tana kuka ba ta numfashi, ga gangunan hakimai, ko wane da nasa take, wannan ayari na shigowa wancan na wucewa, kiɗansu na hawa kan juna. Ga 'yan bindiga sun saki wuta, ƙasa ta amsa. Ga kofatan dawakai da ƙararrawar kayan doki, ga guɗa daga bayan katanga, ga maroƙi na kirari a gefen kunnen hagu, yaro na kuka a dama. Duk wannan a ke kira kiɗan Salla, ba tambarin kaɗai ba.

Wane akwati ne zai kawo wannan cikin ɗaki? Da fari akwai maganar ƙarfi. Masana suna auna ƙarfin ƙara da wani ma'auni da su ke kira desibel. Hira tsakanin mutum biyu wajen 60 ce. Babbar ganga in an doke ta kusa da mutum ta kan wuce 100, bindiga kuwa ta wuce haka nesa. Kada mai karatu ya ɗauka daga 60 zuwa 100 ɗan ƙari ne, gama ko wane ƙarin 10 yana bukatar a ninka ƙarfin sau 10. Daga hira zuwa ganga ke nan an ninka sau 10,000. Manyan lasifikoki masu tsada suna iya kaiwa can, nan ne ma kuɗinsu ya ke da hujja. Amma ƙarar da ta ke da daɗi a fili, inda ta ke wucewa ta tafi abinta, a ɗaki azaba ce, don ba ta da wurin zuwa. Mai gida zai rage ta tun maƙwabta ba su aiko ba, in kuwa ya rage, tambari ya koma ƙwarya.

Ɗakin ma da kansa maƙiyi ne. Sauti mai kauri dogo ne: wanda ke girgiza sau 50 a daƙiƙa, tsawon zangonsa guda ya kusa mita 7, ya fi yawancin ɗakunan kwana tsawo. In ya fito daga lasifika sai ya bugi bango ya dawo ya yi karo da kansa, a wata kusurwa ya taru ya yi ruri, a wani wurin kuma ya kashe kansa har mutum ya ce babu shi. Mai karatu yana iya gwada wannan da ko wane rediyo mai ƙarfi, ya zagaya ɗaki yana saurare. Abin dariya kuma, wanda ke da kuɗin sayen kaya masu tsada shi ne ya kan gina ɗakin da ya fi ɓata su, na siminti, da daɓen tayil mai santsi, da manyan tagogin gilashi, inda ko tafi aka yi sai ya yi ta amsa kuwwa. Soron ƙasa na kakanni, mai kaurin bango da rufin azara, an shimfiɗa tabarmi da darduma, ya fi shi sauƙin hali ga kunne. Sa'an nan ga amo biyu sun haɗu: na wurin da aka ɗauki kiɗan, wanda ke cikin faifai, da na ɗakin da a ke saurare. Kunne ba wawa ba ne. Ya san ba a filin Kangiwa ya ke ba, ko da an rufe ido.

Allah ya yi wa mutum kunne biyu, da su ya ke gane inda ƙara ta fito. Sautin da ya zo daga hagu ya kan riga isa kunnen hagu da ɗan lokacin da bai kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, wannan ɗan bambanci kuwa ya ishi ƙwaƙwalwa ta nuna wurin. Wani Bature injiniya mai suna Alan Blumlein ya gano a 1931 yadda za a yaudari kunnuwan nan da lasifika biyu, dabarar da a ke kira sitiriyo, wadda ta bazu a kasuwa cikin fayafayi daga 1958. Dabara ce mai kyau, tana shimfiɗa makaɗa a gaban mutum kamar hoto a bango. Sai dai tana aiki ne ga wanda ya zauna a tsakiya daidai, bai motsa ba. In ya gusa gefe, hoton ya rushe. Yanzu an ƙaro lasifikoki a baya da sama, an kuma yi na sawa a kunne masu bin juyawar kai, sun kuwa rage tazarar. Amma mai kallon hawa yana tafiya, yana kutsawa, yana matsowa kusa da masu algaita in sun burge shi, shi ke zaɓen abin da zai ji. Mai faifai kuwa an riga an zaɓar masa, tun ranar da wani ya kafa makirufo a inda ya ga dama.

Duk waɗannan matsaloli na injiniyoyi ne, watakila wata rana su ci ƙarfinsu. Akwai wadda ba za su ci ba, ita ce kuwa ta fi shafar Hausawa. A ƙasar Turai, mafi yawan kiɗan da a ke auna waɗannan kaya da shi rubutacce ne. Makaɗa su hau dandamali su kaɗa abin da ke takarda, jama'a su zauna shiru har a gama. Ko babu kowa a ɗakin, kiɗan ba zai sake sosai ba. Makaɗin Hausa kuwa da mutum ya ke magana. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, ya shahara da cewa nan take ya ke ƙulla waƙa. Yana cikin waƙar wani, in wani babban mutum ya shigo fili sai ya sako shi ciki. In an yi masa kyauta ya faɗa, in an yi rowa a ji a jikin baiti na gaba. Masu kalangu suna kallon bakinsa, suna matse tsirkiya suna saki, kalangun na faɗin abin da ya faɗa. 'Yan amshi suna jiran numfashinsa. Waƙar da zai gama cikin ɗan lokaci a wani wuri, in fili ya yi daɗi sai ta kai inda ta kai. Ko Bakandamiyarsa, wadda kowa ya sani, ba sau ɗaya ya yi ta ba, kuma ba iri ɗaya ya ke yin ta ba. Wanda ke tsaye a filin yana da hannu cikin waƙar, ko da da murmushi ne ko da sisin kwabo. Wanda ke zaune gaban akwati, ko ya zuba masa naira miliyan, akwatin ba zai ambaci sunan ubansa ba.

Haka al'amarin ya ke ga makaɗan fada. Sarkin Taushin Katsina, sa'ad da ya ke waƙar Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, yana yi ne Sarkin na zaune, fadawa na amsawa, waɗanda a ke yi wa zambo kuma watakila suna cikin taron suna sunkuyar da kai. Nauyin ko wane baiti yana rataye ne ga wanda ke wurin. Take kuma kira ne: in an kaɗa taken manomi a gayya, ko na ɗan dambe, ko na mahauci, tsikar jikin mai shi ta kan tashi don shi a ke nufi, yau, a gaban mutane. In ya ji shi a faifai zai ji daɗi, zai tuna, amma ba zai tuɓe riga ba. A cikin gida ma, kiɗan ƙwarya na amada irin na marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, rabinsa na matan da suka kewaye ta ne, masu tafi da guɗa da shewa da shiga fili. Masu iya magana da suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ba su san lasifika ba, amma sun riga sun yi mata hukunci.

Akwai kuma wani abin da dillalan kaya ba su kan faɗa ba. Ludayi ba ya ɗebo abin da babu a tukunya. Faifan garmaho na da, mai juyawa sau 78 a minti, wajen minti 3 ya ke ɗauka a ko wane gefe, saboda haka mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa tilas ya datse ta. Dogon faifai bai fito ba sai 1948. Da yawa daga cikin waƙoƙin manyan makaɗan ƙasar Hausa an ɗauke su ne da makirufo guda, murya da ganguna duk a cakuɗe. Bayan kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, sai aka shiga kwafe wannan daga wancan a shagunan kasuwa, ko wane kwafi na zubar da wani abu yana ƙara shaci. Daga bisani aka juye su cikin kwamfuta, aka matse su suka zama MP3 don su shiga waya, aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Abin da ya rage na Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960, da wani sashi na Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ta irin wannan hanya ya iso kunnen yaran yau. In aka sa irin wannan a akwatin dala dubu ɗari, ba zai mayar da kotson da ya ɓace ba. Abin da zai yi shi ne ya fito da shacin sarai, da inda kaset ya tauna, da inda murya ta fashe. Sau da yawa ƙaramin rediyon mai shayi ya fi rufa wa tsohon faifai asiri.

Ga wani juyi kuma da zamani ya kawo. Waƙoƙin da samari ke yi yanzu a ɗakunan ɗaukar sauti na Kano da Kaduna da Katsina, da fiyano da kwamfuta, ba su taɓa zama kiɗan fili ba. A cikin inji aka haife su, a ɗauki kiɗa dabam, murya dabam, a gyara, a haɗa. Ko a wurin biki ta lasifika su ke fitowa. Ga irin waɗannan, tambayar ko akwati ya yi daidai da na asali ba ta taso ba, don akwatin shi ne asalin, mai kaya masu kyau kuwa zai ji su yadda mai haɗa su ya ji. Ba aibi ba ne. Abin tsoro kaɗai shi ne yaron da ya tashi bai taɓa jin kalangu ba sai na cikin fiyano, ya ɗauka shi ke nan kalangu.

Game da tsada kuma, ido ya kan yaudari kunne. A 1994 waɗansu masana biyu, Floyd Toole da Sean Olive, suka gwada mutane da lasifikoki iri iri, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya an sa labule. Da suna gani, manya masu ƙyalli suka sami yabo mai yawa. Da aka rufe, sai hukuncin ya sake, tazarar ta ragu. Har wayar da ke haɗa amfilifaya da lasifika akwai wadda a ke sayarwa da kuɗin mota, alhali aikinta ɗaukar lantarki ne kawai, wanda wayar tagulla mai isasshen kauri ta ke yi. Wanda ya ke da hali ya ke kuma son jin daɗin faifai, babu mai hana shi, kuma lasifika mai kyau ta fi marar kyau, wannan ba gardama. Sai dai ya sa wani ya riƙa sauya masa su yana juya baya, ya kuma kashe wani abu a kan labule da darduma kafin ya kashe a kan waya.

Inda kuɗi ke da aiki na gaske, can wajen ɗauka ne da ajiya. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya ɗauki makaɗa masu yawa a kan zaren rikoda, haka kuma waɗansu gidajen rediyo da jami'o'i, har da masu bincike irin su David Ames da Anthony King, waɗanda suka wallafa littafinsu na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Zaren rikoda kuwa ba ya son zafi, ba ya son raɓa, ba ya son ƙura, ƙasar nan kuma tana da dukansu. In ya manne ko ya ruɓe, abin da ke kansa ya tafi ke nan. Injunan da ke karanta shi ma an daina ƙera yawancinsu. Juye zare guda cikin kwamfuta ba tare da an matse shi ba, aiki ne na yini guda ga wanda ya iya, kuɗin lasifika guda ta attajiri kuwa zai juye ɗaki guda na zare. Masu tambari da kakaki da algaita na Gidan Korau kuma suna nan da ransu, suna fitowa ko wace Salla a bayan Sarki Abdulmumini Kabir Usman, wanda ya hau gadon sarauta a 2008. Dubban wayoyi su kan ɗaga sama su ɗauke su, amma ɗan makirufon waya tambari ya fi ƙarfinsa, abin da ya ke kamawa ɓarɓaɗi ne. Ana bukatar wanda zai zo da kayan ɗauka na kirki, ya nemi izinin fada, ya kafa su a Ƙofar Soro tun da sassafe, ya kuma zauna da makaɗan bayan an sauka, ya rubuta sunan ko wane take da wanda a ke kaɗa wa shi.